Lotsawar Kuncin Hagu

Kushiro, 9 ga Fabrairu, 1999

Yaya Chizuru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, asmarki kuma ta ƙyale ki a wannan hunturu. Ni lafiyata ƙalau, in ban da yatsuna da suka tsattsage. Mai aiki a ɗakin sanyin kifi irina, in ya fito cikin ƙanƙarar waje ma hutu ya samu. Na aiko da kifi mai gishiri ta gidan waya. Ki cire wa Baba ƙayar, ba sai kin ce daga wurina yake ba.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa, kuma kada ki yi dariya. Shekara biyu ke nan da na shiga wata ƙungiya a Sapporo, ta masu haɗa sulken Dakarun Tauraro na Tara. E, shirin talabijin ɗin nan da Baba ya yi wa kwalkwali da sulke. Mu goma sha huɗu ne, har da direban bas da likitan haƙori. Dokarmu guda ce: ba ka fita taro da sulkenka sai ya zama daidai da wanda aka gani a talabijin, mai kama da shi ba ya wucewa. Alƙalinmu Malam Ogata ne, tsohon malamin lissafi. Zai tsayar da kaset ɗin bidiyo, ya ɗora rula a gilashin talabijin, sannan ya zo ya ɗora ta a jikinka.

Ƙirji da kafaɗu saye na yi wurin wani mutum a Nagoya. Da suka iso sai suka matse ni, ashe kwafin kwafi ne, kuma duk zubin da aka sake daga wani zubin sai ya ɗan tsuke. Na ajiye su na sake nawa da hannuna, Malam Ogata ya amince da su. Kwalkwalin ne ya kayar da ni, sau uku.

"Kanka ya yi kyau da yawa, Norifumi," in ji shi. "Na ainihin yana da lotsawa a kuncin hagu. Naka sumul kamar ƙwai. Je ka ɓata shi daidai."

Na lotsa, ya ce ta yi zurfi. Na sake, ya ce ta yi sama. Kaset ɗin ya tsufa, inuwa kawai ake gani, asalin kwalkwalayen kuma kamfanin ya zubar da su kafin ya rufe. 'Yan ƙungiya kan zauna suna gardama a kan lotsawar, wani ya ce ɗan wasan ne ya faɗi daga babur, wani ya ce zafin fitilu ne. Ni sai in yi ta shan shayina. Sunan Baba bai taɓa fitowa a ƙarshen shirin ba, saboda haka babu wanda ya san ko ni ɗan wane ne.

Ke kin san inda lotsawar ta tafi. A cikin mazubin da Baba yake zuba kwalkwalayen, ɗan tudu ne, ni kuma ina da shekara goma sha bakwai na ɗauka aibi ne, na sa samfefa na goge ta don in burge shi. Ko kwata ɗin awa ban yi ba. Yanzu ga ni, shekara goma sha ɗaya bayan nan, ina neman abin da na goge da hannuna.

Don Allah ki duba shagon Baba, ko akwai wani zane ko takardar awo. Kada ki faɗa masa.

Ƙanenki,
Nori

*

Kawaguchi, 21 ga Fabrairu

Nori,

Na samu wasiƙarka da kifin, mun gode. Ka ce kada in yi dariya, to na yi, har sai da tari ya turnuke ni. Ƙato da kai, ka tsaya a gaban malamin lissafi yana auna maka kumatu! Shekara goma ba ka tako gidan nan ba, ko waya ba ka bugawa don kada Baba ya ɗauka, amma ka tsere har ƙarshen ƙasa ka je kana yin aikinsa a ɓoye. Kai dai ba ka da dama.

Asmata da sauƙi. Lafiyar Baba ce ya kamata ka sani, tunda ba ka tambaya ba. Jikinsa da ƙwari, yana cin abinci, amma kansa ya fara zuba. Makon jiya ya sa takalmi ya ce zai je tasha ya taro Mama, ita da ta shekara goma sha uku a ƙasa. Wani lokaci ya kira ni da sunanta. Likita ya ce ba za a samu sauƙi ba, sai dai a rage gudun abin. Ina tashi in shirya shi, in tafi kicin ɗin makaranta in dafa wa yara ɗari huɗu, in dawo in same shi zaune a shago yana kallon hannuwansa. Na gaji, Nori, kuma ina kewarka. Na faɗa, ka yi yadda ka ga dama da maganar.

Na ɗaure hancina da ƙyalle na shiga shagon, karo na farko tun ina yarinya, don ka san warin ruwan robar nan ya sa ba a barina in shiga. Babu zane, babu awo. Baba bai taɓa rubuta komai ba, a yatsunsa yake ajiye kayansa. Mazubin yana nan a saman kanta, a naɗe cikin tsohon zanen Mama.

Kifin kuwa, da ya ɗanɗana sai ya ce, "Wannan na arewa ne." Ya ƙara loma. Bai tambayi wanda ya aiko ba.

Ka aiko da kwalkwalin. Zan ajiye shi inda zai gani, in ce wani mai sha'awar shirin ne ya aiko. In akwai abin da ya rage a kansa, to wannan ne.

Yayarka,
Chizuru

*

Kushiro, 14 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da jikin Baba. Na karanta abin da kika rubuta sau da yawa. Ban san ya kai haka ba.

Ga kwalkwalin nan, farin zubi ne, ban yi masa fenti ba. Ki ajiye shi a teburin da ke bakin taga a shago, da yamma, ki bar shi ya kwana a nan. A nan masu koyon aiki suke ajiye nasu. Kada ki miƙa masa a hannu. Bayan kwana biyu ki mayar mini da shi yadda kika same shi.

Na naɗe shi da rigar sanyina, ki dawo mini da ita, guda biyu gare ni.

Nori

*

Kawaguchi, 2 ga Afrilu

Nori,

A tsaye nake rubutu. Baba ya yi zazzaɓi, mun kwana huɗu a asibiti, yanzu mun dawo da sauƙi. Kafin zazzaɓin ya ga kwalkwalin, ya wuni a kansa. Ga shi na mayar maka fes, ko ɗigo babu a jikinsa. Na wanke rigar, na ɗinke gwiwar hannun, na sa maka kwalbar umeboshi, 'ya'yan bishiyar bayan gida da na jiƙa da gishiri. Furanni sun buɗe a bakin kogi. Zan rubuta da tsawo in na samu kaina.

Chizuru

*

Kawaguchi, 18 ga Yuli

Nori,

Gaisuwa, in har kana raye. Wannan ce wasiƙata ta uku tun Afrilu, babu amsa. Na buga wa wurin aikinku, wani mai muryar maƙogwaro ya ce kana zuwa kullum, kana cin abinci kamar kowa. To ba mutuwa ka yi ba, gaba kake yi da ni ke nan. Me na yi maka?

Damina ta ɗauke, zafi ya sauko. Baba ya rame. Jiya ya kasa tuna yadda ake ɗaura ɗamarar rigarsa, ya tsaya yana kallona kamar yaro. Amma kullum da safe sai ya je teburin bakin taga ya duba, ya dawo. Na tambaye shi me yake nema, ya ce, "Ba a kawo gyara ba?" Ban gane ba, na ce masa za a kawo.

Bikin Obon na tunawa da mamata ya matso. Bana ma ni kaɗai zan wanke kabarin Mama? Ka amsa mini, ko da layi ɗaya ne.

Chizuru

*

Kushiro, 1 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini shirun, ba da ke nake ba. Wasiƙunki biyu na farko na karanta, ta ukun tana nan ban buɗe ba tukuna, don ba ni da ƙarfin zuciyar.

Ba ki taɓa aiki a shagon ba, bari in gaya miki yadda Baba yake yi. Ba ya yabo, ba ya faɗa. Mai koyo zai ajiye aikinsa a teburin taga da yamma. Da safe in ya tarar da jan fensir a jiki, da'ira nan, layi can, to Baba ya karɓi aikin, ya ga ya isa a gyara. Wanda ya fi kowa shan ja shi ne wanda Baba ya fi sa rai a kansa, har kishinsa ake yi. In kuwa ka tarar da aikinka fes, ba a taɓa ba, to ma'anarsa babu abin da za a ce da kai. Mutum biyu na gani sun tattara kayansu saboda haka.

Bayan na goge mazubin, Baba bai ce mini uffan ba. Shekara guda cur ina ajiye aiki a teburin nan, shekara guda yana dawo mini fes. Ranar da na cika sha takwas na hau jirgin arewa. Kin ɗauka faɗa muka yi, ai da faɗa ne da ya fi sauƙi.

Da na buɗe akwatinki a Afrilu na duba ciki da waje, har na haska tocila. Kin ce ya wuni a kansa. Ya manta Mama ta rasu, yana kiran ki da sunanta, amma bai manta hannuna ba, kuma amsarsa ba ta canja ba. Na sa kwalkwalin a ƙarƙashin gado, na gaya wa Malam Ogata na bar ƙungiya. Ya ce, "Saboda kunci ɗaya?" Na ce e.

Ba zan zo Obon ba. Ki zuba wa Mama ruwa a madadina. Umeboshin ya yi daɗi, ɗaya nake ci duk ranar Lahadi don kada ya ƙare.

Nori

*

Kawaguchi, 5 ga Agusta

Nori, wawan banza, ni ma wawiya,

Gaisuwa daga baya. Buɗe wasiƙar da ka ƙi buɗewa, ka ga abin da Baba yake nema kowace safiya, sannan ka dawo ka karanta wannan.

Ni na goge. Ka ji? Ni ce. Da na shiga shagon da safe na tarar ya zane kwalkwalin kaca-kaca da jan fensir, goshi, haɓa, kunci, ko'ina. Na ce wannan abin da ƙanena ya ɓata shekara biyu a kansa, ga tsoho ya ɓata shi da ruɗewarsa, kamar yadda ya zana bangon banɗaki a watan Janairu. Ka ce in mayar yadda na same shi, na ɗauka nufinka yadda ka aiko. Na samo tina, ruwan cire fentin nan, da auduga na zauna a tsakar gida ina gogewa, ina tari, ina kuka, ina jin na yi maka gwaninta. Awa biyu na yi, sai da ya koma fari tas. Na ɓoye maka don kada ka ji ciwo.

Ashe mu biyun hannunmu ɗaya. Ka goge nasa da samfefa, na goge nasa da tina, kowa yana ganin taimako yake yi.

Ban san yadda zan ba ka haƙuri ba. Wata huɗu na cinye muku, kuma Baba ba shi da watanni na zubarwa.

Chizuru

*

Kushiro, 9 ga Agusta

Yaya,

Lafiyarki dai? Kada ki sake taɓa tina, kin san ƙirjinki.

Na karanta a wurin aiki, na shiga ɗakin sanyi na rufe ƙofa don kada a ga fuskata. Ba na fushi da ke. Wa ya isa ya yi fushi, ni da na fara?

Yanzu ki zauna ki tuna. Jan nan, da yawa ne ƙwarai? A kuncin hagu da'ira ce ko layi? Kusa da ido ko kusa da haɓa? Ya rubuta wani abu? Ki zana mini a takarda ko yaya ne. Kwalkwalin na sake aiko shi yau, ki mayar teburin taga, ki ajiye fensirin kusa. Wannan karon ko miya ya zuba a kai kada ki goge.

Nori

*

Kawaguchi, 3 ga Oktoba

Nori,

Ina gaishe ka, da fatan sanyin arewa bai fara cizo ba. Na yi jinkiri, ba don gaba ba, sai don ina jiran in samu abin kirki da zan rubuta maka.

Na kasa tuna zanen. Ja ne da yawa, abin da na sani ke nan, kuma a kuncin hagu ya fi yawa. Na ajiye kwalkwalin a teburin kamar yadda ka ce. Baba ya ɗauki fensirin, ya juya shi, ya sa a baki, ya ajiye. Bai san ko mene ne ba kuma. A Maris ya sani, a Agusta bai sani ba. Sati shida ina ajiye masa, ko layi ɗaya bai ja ba. Na rasa yadda zan gaya maka.

Sai na tuna abin da na rubuta maka da kaina, cewa a yatsunsa yake ajiye kayansa. Na je wurin Malam Hosoda, tsohon mai koyon Baba da ke yin gumakan tallan shaguna yanzu, na roƙe shi. Ya kawo buhun yumɓu, ya sauko da mazubin daga kanta, ya danna yumɓun a ciki ya fitar da fuskar kwalkwalin, ɗanya, da kuncinta sumul irin naka. Muka ajiye a teburin taga.

Baba ya shigo da safe. Ya daɗe a tsaye, sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya jiƙa yatsunsa a kwano, kamar jiya ya bari. Ya shafa goshin, ya shafa haɓar. Da ya zo kuncin hagu sai ya dafa da babban yatsansa, ya danna, kamar mai dafa tebur zai miƙe. Malam Hosoda ya kama hannuna ya ce, "Ita ce! Wallahi ita ce."

Baba ya fara magana, ba da mu ba, da yumɓun. Ya ce yana cikin gyaran kuncin nan maƙwabciya ta leƙo ta ce naƙudar Fusae, wato Mama, ta tashi, sai ya dafa fuskar ya miƙe da gudu. Da ya dawo bayan kwana biyu yumɓun ya fara bushewa, mutanen talabijin kuma suna jira a ƙofa, sai aka zuba haka. "Namiji ne," in ji shi. "Ya zo da ihu. Fusae ta ce a bar lotsawar, ta yaron ce."

Ina da shekara shida a lokacin, ban taɓa sani ba. Babu ɗan wasan da ya faɗi daga babur, Nori. Ranar da aka haife ka ce, kuma Mama ce ta ce a bari. Da ka goge, shekara biyu ke nan da rasuwarta.

Na ce to an gama, zan sa Malam Hosoda ya zuba maka kwafin fuskar da filasta in aiko, ka kai wa alƙalinku. Kafin in rufe baki Baba ya sa tafin hannunsa ya shafe lotsawar, ta koma sumul. Na kusa yin ihu. Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Mai aikin ya zo ya sa da kansa. Ya iya goshi, ya iya haɓa, nan ne kawai bai sani ba. Ba a nuna wannan a takarda, sai an riƙe hannu."

Na ce, "Ka san wane ne mai aikin?"

Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Ya yi latti dai." Ko ya san sunanka, ko bai sani ba, ban iya rantse maka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Ya rufe fuskar da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya je ya sake jiƙa shi don kada yumɓun ya bushe. Bai san ranar mako ba, jiya bai san sunana ba, amma wannan bai tsallake ko sau ɗaya ba, yau kwana goma sha biyu. Malam Hosoda ya ce yumɓu yana jira muddin ana jiƙa shi. Ni dai ban san safiya nawa ta rage da zai tuna ya jiƙa ba.

Ɗakinka yana nan, na shanya katifar.

Yayarka,
Chizuru

*

Kushiro, 6 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ku. Na ajiye aiki, shugabanmu ya ce in na fita kada in dawo, na ce to. Zan shiga jirgin ƙasa ranar Juma'a, in iso tashar Kawaguchi Asabar da hantsi. Kada ki zo tarona, ki zauna da shi. Na san hanya.

Na gaya wa Malam Ogata ko ni ɗan wane ne. Ya cire tabarau, ya ce in na dawo da kwalkwalin ba zai ɗora masa rula ba, su ne za su zo su auna nasu da shi. Na ce masa ban san ranar dawowata ba.

Ban ɗauko sulken ba, ya yi nauyi. Rigunan sanyina biyu ne kawai da kwalbarki, saura guda uku a ciki. Na yanke farcena, Baba ba ya barin mai farce ya taɓa yumɓu.

In ya manta bai jiƙa ƙyallen ba wata safiya kafin Asabar, ki jiƙa masa, kada ki gaya mini.

Ƙanenki,
Nori